Amsa ga ɗana bakanike na Suame: shin hutawa cikin ƙaunar Allah lalaci ne?

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. A taron zumuntar matasa masu jin Hausa da aka yi a Asawase, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni cewa, idan har Allah yana ƙaunarmu ba don ayyukanmu ba, me zai hana Kirista ya miƙe ƙafa ya watsar da azumi da addu'ar kwana da hidima. Ka ƙara da cewa kai kam duk ranar da barci ya sace ka har ka rasa addu'ar asuba, sai ka yini kana jin kamar Allah ya juya maka baya. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, ya dace amsar ma ta fito fili, domin na ga kawuna da yawa suna gyaɗawa lokacin da kake magana.

Maganarka ta biyu ta fi ta farko tayar mini da hankali. Mutumin da rasa addu'ar safiya ɗaya ke hana shi sukuni har faɗuwar rana, lalaci ya yi nisa da shi. Abin da ke cin sa shi ne yana ɗaukar ibadarsa a matsayin kuɗin da yake biya kullum don kada a kore shi. Kai da kake aiki a Magazin, unguwar garejoji ta Suame, ka san yaran gareji iri biyu. Akwai ɗan koyo wanda idan sifana ta ɓace ko ya ɗaure noti ya lalata zare, gabansa ke faɗuwa saboda yana tsoron maigida zai sallame shi. Akwai kuma ɗan maigidan na cikinsa, wanda shi ma yake kwanciya ƙarƙashin mota, baƙin mai ya ɓata masa riga, idan ya yi kuskure a yi masa faɗa, wani lokacin ma fiye da na ɗan koyon, amma bai taɓa tunanin kuskuren zai hana shi tuwon dare a gidan ubansa ba. Aikinsu ɗaya ne, sau da yawa ma ɗan gidan ya fi ƙwazo, domin garejin nasa ne.

Haka Yesu ya nuna a Luka sura 15, inda muka saba tsayawa kan ƙanen da ya yi almubazzaranci mu manta da wansa. Wan bai taɓa barin gida ba, amma da ya buɗe baki sai lissafi ya fito: shekaru nawa ya yi yana bauta, ba a taɓa ba shi ko ɗan akuya ba. Uban ya kira shi ɗa, ya tuna masa cewa duk abin da yake da shi nasa ne. Bulus kuma ya rubuta wa Romawa a sura 5 aya 8 cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, wato ƙaunar ta riga azuminka na farko, saboda haka azumin da ka karya da tsakar rana ba zai iya janye ta ba.

Wannan damuwa taka ta daɗe a ikkilisiya. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis, wanda kuma babbar majami'arsu da ke Adum a nan Kumasi take ɗauke da sunansa, ya fi ka tsanani tun yana jami'ar Oksfod: yana azumi ran Laraba da Juma'a, yana ziyartar fursunoni, yana bin kowace sa'a ta yininsa da ƙididdiga. A 1735 ya haye teku zuwa Jojiya a Amurka don aikin bishara, ya koma Ingila a farkon 1738 da karyayyar zuciya. Sai a daren 24 ga Mayu na wannan shekara, a wani ƙaramin taro a titin Aldersgate na Landan, inda ake karanta gabatarwar Martin Luther ga wasiƙar Romawa, ya sami tabbacin cewa ga Almasihu kaɗai ya dogara, an kuma ɗauke zunubansa. Daga baya shi da kansa ya ce bangaskiyarsa ta dā irin ta bawa ce, ba ta ɗa ba. To, ya zauna ne bayan haka? Ya yi ta yawon wa'azi a kan doki, daga baya a keken doki, har kusan rasuwarsa a 1791, kuma daga wannan aiki ne mai bisharar Metodis Thomas Birch Freeman ya iso nan Kumasi a 1839. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai tsoron cewa alheri na haifar da ragwanci. Bulus ma ya ce ya fi sauran manzanni aiki, amma nan take ya mayar da yabon ga alherin Allah da ke tare da shi.

Ban musanta cewa akwai masu fakewa da alheri su ci gaba da zunubi ba; Romawa sura 6 ta riga ta tsawata musu, kuma ba kai ba ne.

Dole in faɗi wata gaskiya game da mu masu wa'azi a garin nan, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Idan aka koya wa saurayi cewa buɗinsa ya makale ne don bai ƙara kwanakin azumi ba, ko bai hau dutsen Atwea ba, ko baikonsa bai kai ba, an ɗora masa kayan da Almasihu bai ɗora ba, alhali shi ya kira masu wahala da masu nauyin kaya ya ce zai ba su hutu. Hawan dutse don keɓewa da Allah abu ne mai kyau, Yesu ma ya yi. Ciniki da Allah ne ba shi da tushe.

Ga shawarata a aikace. Kada ka bar addu'ar asuba, amma ranar da ka makara, ka yi ta a cikin turoturo, wato motar haya, a hanyar Suame, ka fara da godiya, kada ka yanke wa kanka tarar azumi don ramuwa. Idan ka yi zunubi ka furta shi nan take, ba sai ka jira ka ji ka cancanci komawa ba. Game da addu'ar kwana ta daren Juma'a kuwa, muddin za ka shiga ƙarƙashin motar da aka ɗaga da jak ran Asabar da safe, ina roƙonka ka tashi da tsakar dare ka je ka kwanta, domin Zabura 127 ta ce Ubangiji yana ba ƙaunataccensa barci, kuma birkin da ka ɗaure da gyangyaɗi rayukan fasinjoji ne a kansa. Idan shugaban addu'ar ya tambaye ka dalili, ka ce ni na sa ka, ya zo mu yi magana bayan sujada ran Lahadi.

Naka cikin Almasihu,
Wani dattijon ikkilisiya, Kumasi