Sa Lu'ulu'unki, Amma Ki Ji Sharaɗinsa: Amsa Ga Ƙanwata Ta Marwa

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara, ya kuma zafin Marwa?

Ranar da aka gayyace ni filin mata a rediyo, ke ce ta ƙarshe da ta bugo waya. Kin ce ke malamar makaranta ce, shekarunki sun doshi hamsin, kina da sarƙar lu'ulu'u, irin wanda ake fitarwa daga ruwa ba daiman ba, da maigidanki ya sayo miki a Saudiyya tun kina goyon fari. Ranar da kika ɗauko ta za ki tafi aiki sai 'yarki ta ce, "Mama, wa yake sa wannan yanzu? Ai sai tsofaffin matan Turawa." Kika tambaye ni: "Adda, har yanzu ana yayin lu'ulu'u? Kuma ya dace mace irina ta riƙa sa shi kullum?" Na buɗe baki ke nan mai gabatarwa ta ce lokacin labarai ya yi. Tunda a bainar jama'a kika yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

Sa abinki. Sai dai tambaya biyu kika haɗa a numfashi ɗaya. Ta yayi ba ta da wuya. Ta "kullum" ita ce zan zauna a kanta, don a nan nake ganin mata suna asara.

Yayi dai na atamfar 8 ga Maris ne, ta ranar mata ta duniya da muke yi a nan Kamaru, wadda ake ɗinkawa bana, baɗi ta koma zanen shiga kicin. Abin da Allah Ya ambata tare da murjani a Suratur Rahman, aya ta 22, Ya kuma ce a Suratun Nahli, aya ta 14, muna fitar da ado daga teku muna sakawa, ya wuce a ce ya zo bara zai tafi bana. Amma kada ki ga laifin yarinyar. Hoton da ke kanta na Sarauniya Elizabeth ta Ingila ne, wadda har ta rasu a 2022 da wuya a gan ta ba silin nan uku a wuyanta. Ki tuna mata cewa a Janairun 2021 Kamala Harris ta sha rantsuwar zama mataimakiyar shugaban Amurka da lu'ulu'u a wuya, tana da shekara 56, kuma babu wanda ya ce ta yi shigar kakanni. Yanzu ma har samari mawaƙa a can suna rataya shi. Wannan kam ban ba ɗan kowa shawara ba.

Abin da ke tsufar da mace shi ne jibgawa. A sa sarƙa, a sa ɗankunne mai lilo, a sa abin hannu da zobe duk iri ɗaya, a kan leshi mai duwatsu, da ƙarfe bakwai na safe za a tafi aji. Duk wadda ta yi haka za a ɗauka uwar amarya ce ta ɓace hanyar gidan biki. Ki zaɓi ɗaya. Idan atamfar mai hayaniya ce, ƙwaya ɗaya a kowane kunne ta isa. Idan lafaya ce marar zane ko shadda mai duhu, a nan sili ɗaya yake yin magana. Kuma mu da Allah Ya ba baƙar fata mun fi masu shi morar sa, don farin lu'ulu'u a kan farar fata ɓacewa yake yi, a kan tamu kuwa tashi yake yi. Mu faɗi gaskiya kuma: a hanya wuyanki yana ƙarƙashin mayafi. Abin da abokan aikinki za su gani in kin sauke gyale a ɗakin malamai shi ne kunne, ƙasan ɗaurin kallabi. Saboda haka adon kullum na macen Marwa ko Garwa ko Kusiri ɗankunne ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. Zinare ƙarfe ne, ki yi wanka da shi, ki yi tuƙin tuwo da shi, ki manta shi a kwalla shekara da shekaru, yana nan yadda kika bar shi. Lu'ulu'u kuwa wata dabbar ruwa mai ɓawo biyu ce take gina shi a cikin jikinta, shimfiɗa kan shimfiɗa, da sinadari irin na alli da wani ɗan danƙo da ke riƙe shi. Wannan shimfiɗar ce sheƙin da kike gani, kuma laushi gare ta. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, daiman yana kan 10, ƙwayar yashi tana kan 7, lu'ulu'u kuwa tsakanin 2.5 da 4.5 yake. Ma'ana ƙurar da ke kan teburinki ta fi shi tauri. Ƙurarmu kuma ba ƙurar kowa ba ce. Hazon hunturun da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, mai yawa daga cikinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa, wurin da masana suke cewa babu kamarsa a duniya wajen tayar da ƙura. In kin dawo daga makaranta kan mashin kika goge sarƙar da bakin zane a bushe, kankare ta kika yi. Sai ki fara hure ta, sannan ki shafa da tsumma mai laushi wanda kika ɗan jiƙa.

Bayan ƙura sai gumi. Maris da Afrilu a Marwa ma'aunin zafi yana haura 40, ba sai na gaya miki ba. Gumi yana da tsami, tsami kuwa cin lu'ulu'u yake yi a hankali, kamar yadda ruwan lemon tsami da na tsamiya da na yakuwa suke yi, balle ruwan jabel, wato bilic na wanki. Wannan ne ya sa nake hana mata zobe da abin hannu na lu'ulu'u in dai su ne masu girki da wanke-wanke. Hannun da ke yanka yakuwa, yana alwala sau biyar, yana shiga omo, zinare ko azurfa ne abokinsa.

Amma babban maƙiyinsa a ɗakunanmu shi ne abin da muka fi so, wato ƙamshi. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini silinta in sake mata zare. Da na shimfiɗa shi a kan farin ƙyalle, sai ga ƙwayoyin gaba suna nan da haskensu, na bayan wuya kuwa, wajen maɓalli, sun koma ruwan ƙasa-ƙasa, sun dushe, wasu har saman ya fara ɓarewa a bakin huda. Zaren da aka saya fari ya zama launin shayi, ya yi danƙo, in na matsa shi da farce sai mai ya fito. Na kai hanci, humra ce zalla. Ta ce kullum sai ta gama shiri tsaf, ta sa sarƙarta, sannan ta shafa humra a wuya ta tsaya kan kasko ta turara jikinta. Man humra ya shiga zaren ya zauna a cikin hudar, hayaƙin turaren wuta ya bi ya rine saman. Zare na canza mata, amma hasken da ya tafi babu mai dawo da shi, ba a wanke shi kamar yadda maƙeri ke wanke zinare ya fito sabo. Don haka ki riƙe wannan tsarin: ki shafa manki, ki sa humrarki, ki turara kayanki, ki jira jiki ya sha, sannan lu'ulu'u ya hau. In kin dawo shi ne farkon sauka. Ranar dilka da ranar lalle kuwa ya yi zamansa a gida.

Kada kuma tsoron wannan ya sa ki kulle shi a akwati. Akwai ɗan ruwa a jikinsa, in ya daɗe a rufe cikin leda a ɗaki mai zafi bushewa yake yi har ya tsattsage. Wanda ake sawa ana gogewa ya fi wanda aka ɓoye daɗewa. Ki naɗe shi a ƙyallen auduga shi kaɗai, nesa da awarwaro da 'yan kunnen zinare masu kaifi, a kwance, don ratayewa tana miƙar da zare.

Akwai wata magana da ba ki tambaya ba, amma amana ce in faɗa, ko da yake ni mai sayarwa ce kuma ba ta taimaki aljihuna ba. Mu nan mace ba don kwalliya kaɗai take sayen kayan wuya ba. Ajiya ce. In kuɗin makaranta ya taso, ko asibiti, ko jari ya karye, sai a cire awarwaro a kai wa maƙeri ya ɗora a sikeli. Zinare farashinsa kusan ɗaya ne daga Dubai har kasuwar Garwa, kuma a Maris ɗin 2025 oza ɗaya ta haura dalar Amurka 3,000. Lu'ulu'u ba shi da sikeli. Ranar da kika fita da shi daga shago, ranar ya daina zama kuɗi.

Da can ba haka ba ne. Lokacin da sai mutum ya nutse a tekun Bahrain da numfashinsa ya buɗe ɓawo ɗari-ɗari kafin ya dace da ƙwaya ɗaya, lu'ulu'u dukiyar sarakuna ne. A 1917 kamfanin kayan ado na Cartier ya karɓi katafaren gida a birnin New York, ya biya da sarƙar lu'ulu'u mai sili biyu da aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya. A 1957 aka yi gwanjon wannan sarƙar a kan dala 151,000, gidan kuwa har yau Cartier na ciki. Abin da ya faru a tsakani shi ne wani Bajapane, Kokichi Mikimoto, wanda tun 1893 ya gano yadda za a sa dabbar ta yi lu'ulu'u da gangan, a kiwata ta kamar yadda ake kiwon kifi. Da na kiwo ya cika kasuwannin Turai sai sana'ar nutso ta mutu a Bahrain, man fetur ɗin da aka haƙo a 1932 ya kwashe ma'aikatan. Har gobe Bahrain ba ta yarda a sayar da na kiwo a ƙasarta ba. Kusan duk lu'ulu'un gaske da za ki gani a shago yau na kiwo ne, mafi yawansa kuma daga tafkunan China, inda dabba ɗaya take iya ba da ƙwaya fiye da ashirin. Saboda haka in kin kwashi adashe kina neman abin da zai tsaya miki ranar wuya, sayi zinare. In kin ga rarar da za ki faranta wa kanki rai da ita, to wannan ce kuɗin lu'ulu'u. A shekarunmu mace ta isa ta sayi abu don yana mata kyau kawai, ba sai ta yi wa kowa lissafin ranar sayarwa ba.

Wannan arahar ta China ma alheri ce ga mai son sawa kullum. Na ruwan daɗi yawancinsa shimfiɗar ce tun daga ciki har waje, ya fi jure wahala a kan na tekun Japan da ake sa wa ƙwallo a tsakiya a lulluɓe da shimfiɗa siririya. Ba duka ne suke fitowa a mulmule ba, wasu kamar ƙwayar shinkafa, wasu a ɗan karkace, kuma irin waɗannan karkatattun ne 'yan mata ke rububi yanzu. Ki nuna wa 'yarki su ki ji abin da za ta ce.

Sarƙar da ke hannunki kuma, ki gwada ta. Ki goga ƙwaya ɗaya a hankali a gefen haƙorinki na gaba. Na gaske za ki ji ɗan gurzo-gurzo, na roba ko na kwalba kuwa sulɓi zai yi. Ki duba bakin hudar a hasken rana: na jabu fenti ne aka shafa, za ki ga ya taru ko ya ɓare a nan. Na gaske yana da sanyi in ya fara taɓa fata, yana da ɗan nauyi, kuma in kin jera ƙwayoyin babu biyu da suka zama ɗaya sak. In ya fito na jabu kada ki tayar wa Malam da hankali, ya saya da zuciya ɗaya, kuma 'yan kasuwa ba sa tausayin baƙo a ko'ina. Jacqueline Kennedy, matar tsohon shugaban Amurka John Kennedy, silinta ukun da duniya ta san ta da shi na jabu ne, kuma a 1996 an saye shi a gwanjo a kan fiye da dala 200,000 don kawai wuyan da ya hau. Na jabu mai kyau ma ya fi dacewa da hawan mashin da ƙurar alli. Abin da ba na yafewa shi ne a karɓi kuɗin na gaske a ba mace roba.

In ta tabbata ta gaske ce, tunda ta haura shekara ashirin, kada ki sake rataya ta sai an canza zare. Ki duba tsakanin ƙwayoyin, in kin ga zare yana leƙowa ko ya yi baƙi, tsinkewa ta kusa. Ki ce wa mai yi ya yi amfani da zaren siliki, ya kuma ƙulla ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, don kada su riƙa gugar juna, in kuma ta tsinke a tsakiyar aji ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi, ba za ki sa ɗalibai rarrafe a ƙarƙashin benci ba. In silin dogo ne, ki sa a cire ƙwaya biyu mafi haske a yi miki ɗankunne da su a kan zinare, su ne na kullum, silin kuma ya zama na Juma'a da suna da ranar taron iyayen yara. Ki tsaya a kan maƙerin ya gama aikin wutarsa tukuna, zinaren ya huce, sannan ya liƙa ƙwayar, don wuta ƙona ta take yi nan take.

Ki gaishe mini da Malam da yaran.

Taki,
Addarki a Garwa