A Sanya Dutsen Ƙanƙara na Nazlet Khater a Darasin Tarihi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili domin in ja hankalin masu tsara manhajar tarihi kan dutsen ƙanƙara (wato dutsen nan mai tauri da ake ƙyasta wuta da shi, ba ƙanƙarar ruwa ba), wanda mutanen farko suka dogara da shi tun kafin a san ƙarfe. Idan gwani ya buge shi, yakan ɓantare ya bar baki mai kaifin da ake yanka da fiɗa da shi. A Nazlet Khater da ke ƙasar Masar, kusa da kogin Nilu, mutane sun haƙa ramuka har ƙarƙashin ƙasa domin ciro shi fiye da shekara 30,000 da suka wuce, kuma wurin yana cikin mahaƙan da suka fi daɗewa a duniya. Ya kamata ɗalibanmu na sakandare su san wannan wuri.

Naka,
Wani malamin tarihi, Zariya.