Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Warsharmu ta Haɗin Gwiwa a Gadarif

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata da 'yan'uwa mambobi, kwamitin gudanarwa yana gaishe ku. Waɗanda aka yi wa rasuwa a bana, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya jiƙan mamatan, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Babban abin da ya sami warsha, wato wurin aikin hannunmu na haɗin gwiwa, a wannan shekara shi ne tafiyar baƙinmu. Kun tuna yadda suka zo. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 mutanen Khartum suka fara isowa, da birnin Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojoji a Disambar shekarar kuwa sai Gadarif ta cika maƙil, makarantu suka koma masauki. Cikinsu akwai masu walda, teloli, kafintoci da masu gyaran waya, sun baro kayan aikinsu, daga su sai rigar wuyansu. An yi ja-in-ja a taro kan ko wanda bai biya kuɗin shiga ba zai taɓa inji. Mafi rinjayenku suka ce a buɗe ƙofa: mai hali ya biya da kuɗi, marar hali ya biya da koyarwa.

Da sojoji suka karɓe Madani a Janairun bana, sannan tsakiyar Khartum a Maris, sai baƙinmu suka fara ɗaure kayan komawa gida. Mun yi musu murna, amma hankalinmu ya tashi, domin su ne ginshiƙin teburin walda da na waya. Yau ga shi yaran da suka zauna gabansu su ke riƙe da teburan biyu. Yaron da da sai dai ya miƙa sufana, yanzu shi ke canza gilashin waya, har yana koya wa na bayansa. A ganin kwamiti, tun kafuwar wannan wuri ba a yanke shawarar da ta amfane mu kamar waccan ta buɗe ƙofa ba, kuma muna roƙo a bar ta a matsayin doka ko bayan yaƙi.

Wuta ta ba mu wahala. Hare-haren jirage marasa matuƙi a kan tashoshin lantarki, ciki har da na Marawi, sun sa an sha ɗauke wuta tun farkon shekara. Solar da aka haɗa da karo-karonku tana ɗaukar fitilu, cajin waya da teburin gyara, amma ba ta ɗaukar injin walda, kuma duk wanda ya gwada jona shi batir yake kashe mana. Saboda haka aka ware walda ga lokacin da wutar gari ta zo ko aka haɗa kuɗin man janareta. Ƙura ma tana rage ƙarfin farantan sola sosai, shi ya sa mai riƙe da makulli zai share su da sassafe kafin rana ta ɗaga. Kekunan ɗinki na ƙafa, waɗanda wasu suka so a sayar, su suka rufa mana asiri a watannin duhu.

Da damina aikin gona ya cinye warsha, kamar kullum: gyaran garmar tarakta, ƙafafun karo (amalanke), ɗinkin buhuna. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ba a yanka ba sai ya fashe ya zube, don haka a Oktoba kowa ya zo da laujensa rana guda, har aka yi cacar baki a kan dutsen wasa wuƙa. Baɗi za a fara wasa lauje tun Satumba, a bi layi.

Iyaye mata sun nemi makullinsu da ranakunsu, an ba su. Ba ɗinki kaɗai suka tsaya ba. Biyu daga cikinsu sun koyi kwance keken ɗinki da gyara shi, yanzu ba a jiran wani namiji ya zo kafin aiki ya ci gaba. Su ne kuma suka kawo tsarin da muke bi yanzu wajen tarbar baƙo: duk wanda ya leƙo, mai makulli zai bar abin da yake yi, ya ba shi ruwa, ya zagaya da shi, ya nuna masa abin da ake taɓawa da wanda sai da malami. Da Hausa ko da Larabci, duk wanda baƙon ya fi ji. Maƙwabtanmu da ba Hausawa ba sun ƙaru a rajista ta wannan hanya, kuma mun ji daɗin haka ƙwarai.

Akwai abin da ba mu ji daɗinsa ba. Kayan aro ba sa dawowa a kan lokaci, musamman injin huda da zarto. Wasu samari har yanzu suna walda ba gilashin kare ido, in an yi magana su ce minti ɗaya ne. Iyaye, ku taya mu, ido ba ya da madadi. Daga yanzu wanda aka gani haka zai huta mako guda.

Kuɗin wata ya ja baya tun canjin takardun kuɗi na ƙarshen 2024, lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuya. Yawancinku kun koma biya ta Bankak, manhajar banki ta waya. Dattawan da ba su da irin wayar, kada ku ji nauyi, ma'aji yana karɓar hannu da hannu, yana kuma karɓar dawa ko riɗi a farashin kasuwa. Lissafin shige da fice yana manne a bango kusa da ƙofa, kowa ya duba kafin taro, ya zo da tambayarsa.

Abu biyu ke jiran ƙuri'arku a babban taro: ko a ƙara batir ko a fara gyara rufin da ya yi yoyo, domin asusu ba zai ɗauki duka biyun ba, sai kuma zaɓen sabon kwamiti. Muna son ganin matasa da mata sun tsaya takara. Mai kayan aro a gida ya taho da su ranar.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa