Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 na Ƙungiyarmu ta 'Yan Sa-kai Masu Taimakon Kashe Gobara

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai unguwa, Allah gafarta Malam Liman, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da sauran 'yan uwa membobi, barkanmu da ganin wata shekarar. Ciyaman ya ce in taƙaita rahoton bana saboda na bara wai har wasu sun yi barci kafin a kai ƙarshe, to zan gwada, amma akwai maganganun da dole sai an faɗe su.

Da farko ina sake tunawa sababbin membobi cewa mu ba 'yan kwana-kwana ba ne, ba mu da mota ba mu da kaki, abin da muke da shi bokitai ne da yashi da 'yan tukwanen kashe gobara da kuma ƙafafunmu. Aikinmu shi ne ɗan tsakanin nan daga lokacin da aka yi ihun gobara zuwa lokacin da mota za ta iso. Kuma abin da shekarar nan ta nuna mana shi ne mun yi kuskure da muka ɗauka gobara ta hunturu ce kawai. Da sanyi ya wuce sai kowa ya saki jiki, sintirin dare ya tsaya, mitin ya koma mutum ƙalilan, alhali duk fitar da muka yi mai tsanani a 2025 tsakanin Maris da Mayu ne. Ba ma sabon abu ba ne, gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta 2016 wadda ta cinye dubban shaguna a watan Maris aka yi ta, waɗanda suke da shago a can ba sai an tuna musu ba.

Fita ta farko cikin azumi ce, kun san azumin 2025 ya faɗo a Maris. Wata baiwar Allah tana suyar buɗa baki, ta ɗora mai a kan gas ta shiga ɗaki ta duba yaro, kafin ta fito man ya kama. 'Yarta da ta ga wuta sai ta ɗebo ruwa a buta ta watsa, kowa ma abin da zai fara zuwa masa kenan, sai wutar ta yi tsalle ta kama silin. Dalilin kuwa shi ne man suya ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, ruwa a digiri 100 yake tafasa shi kuwa mai yana wuce 300 kafin ya kama da wuta, to ruwan yana sauka ƙasan kaskon yake zama tururi nan take, ya kumbura kusan ninki 1,700, ya watso man yana ci da wuta ko'ina. Abin da ya kamata shi ne a kashe gas a rufe kaskon da murfi ko faranti ko jiƙaƙƙen tawul da aka matse, a bar shi a rufe har ya huce, kar a ɗaga a leƙa kuma kar a ce za a ɗauka a fita da shi tsakar gida. Allah ya taimaka yaranmu biyu suna kusa, sun cire tukunyar gas sun kashe silin ɗin. Yarinyar ta ƙone a hannu, kafin mu ankara maƙota har sun shafa mata man goge baki da ɗanyen ƙwai, sai da aka sha wahalar wankewa a asibiti. Don Allah a daina. Ƙuna ruwa mai sanyi take so, na famfo ko na randa, a yi ta kwararawa kamar minti 20, ban da ƙanƙara, ban da manja ko tawada ko baƙin mai, a cire zobe da awarwaro tun kafin wajen ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti.

Ta biyu ta hita ce. An jona a bokitin roba aka ɗauke wuta, mai gidan ya manta ya kulle ɗaki ya tafi kasuwa, da aka dawo da wuta ruwan ya ƙafe robar ta narke ta kama kafet. Wannan ba mu sha wahala ba don wani ɗan uwanmu mai aikin waya ya fara zare katawut kafin kowa ya taɓa ruwa, kuma haka ake so, wutar lantarki ba a zuba mata ruwa sai an tabbatar an yanke ta daga mita ko canjoba, in gidan da sola a kashe inbata ma.

Ta uku ita ce ta fi ci mana rai kuma a kanta zan ɗan tsaya. Cikin Afrilu da rana tsaka wani ya cinna wa shara wuta a bayan katanga ya yi tafiyarsa, iska ta kwashi tartsatsi ta kai kan harawa da kara da aka tara wa ragunan layya a saman wani shago, daga nan ta shiga gidaje biyu. Ba a rasa rai ba alhamdulillahi amma ɗakuna sun ƙone ƙurmus har da kayan ɗakin wata amarya da ba ta yi wata uku da tarewa ba. Da muka zauna bayan ƙura ta lafa muna tambaya wa ya kira 'yan kwana-kwana, sai muka gano an daɗe wuta na ci babu wanda ya kira, kowa ya ɗauka wani ya kira. Mutane cike da layi, waya a hannun kowa, amma bidiyo ake ɗauka za a saka a Facebook. Ni kaina ina cikin masu laifi, ina can ina jan bokiti ban tambaya ba. Da motar ta zo kuma ta kasa shiga lungun saboda dakalin da aka ƙara da wata mota da aka yi fakin mai ita ya tafi da makulli, sai da aka ja mesa daga bakin titi. A hakan wasu matasa suka fara zaginsu wai sun makara har da masu neman jifa. Wallahi na ji kunya. Mutum ya bar gidansa ya zo ya shiga wutar da ba shi ya kunna ba, mu da muka makara wajen kira kuma muka toshe hanya mu ne da zagi. Washegari ciyaman da wakilin Mai unguwa sun je har ofishinsu sun ba da haƙuri. 'Yan garuwa kuma da suka yi ta turo kura suna juye ruwa ba su karɓi ko sisi ba, muna godiya, Allah ya saka da alheri.

Daga ranar muka canza tsari. Yanzu duk layi akwai mutum biyu da aikinsu kira ne kawai, ko da sun ji an ce an kira su sake kira, su faɗi unguwa da layi da wata alama da direba zai gane kamar masallaci ko makaranta, ɗaya ya tsaya a bakin titi ya tari motar. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce kuma kyauta ce, lambobin ofishin kwana-kwana mafi kusa da mu kuma mun liƙa su a ƙofar masallatai da shagon caji da wajen mai shayi.

Maganar horo, jami'an kwana-kwana sun zo sun koya mana amfani da jar tukunyar nan ta kashe gobara a filin makarantar firamare. Da yawanmu ranar muka fara riƙe ta. A zare fil, a saita bakin a gindin wutar ba a harshenta ba, a matsa, a riƙa kaiwa da komowa, kuma mutum ya bar ƙofa a bayansa. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne yadda take ƙarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, wato ta wutar da ta fara ce ba ta wadda ta kama rufi ba. Da muka duba namu sai muka tarar allurar ma'aunin wasu ta sauka daga kan kore, wato sun yi rauni, an kai an sake cika su.

Zaman da aka yi da iyayenmu mata a islamiyya shi ya fi kowanne cika, gaskiya sun fi mu maza zuwa kuma sun fi mu tambaya. An yi bayanin gas sosai, cewa shi ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya ba sama yake tashi ba, warin nan ma da gangan ake saka masa don a ji. In an ji wari kar a kunna ashana kar a taɓa makunnin fitila ko kunnawa ko kashewa, a rufe kan tukunya a buɗe ƙofa da taga a fita. Ana gwada tiyo da regileta da ruwan omo, inda ya yi kumfa nan yake yoyo. Wata Hajiya ta kawo maganar turaren wuta da ake saka kasko a ƙarƙashin kaya ko cikin wadirof a fita, wannan mu maza ba mu ma san ana yi ba. An kuma nuna yadda in hijabi ko zani ya kama ba a gudu, a kwanta a yi birgima, na kusa ya lulluɓe da bargo.

Mun zaga makarantun allo na unguwa bayan gobarar da aka yi a Ƙauran Namoda a Fabrairun 2025 inda almajirai 17 suka rasu cikin dare, Allah ya jiƙansu. Irin haka ta faru a Maraɗi a Nuwamban 2021 a azuzuwan zana, yara sama da 20. Malamai sun karɓe mu hannu biyu, mun roƙi a raba kara da itace da wajen kwanan yara, kuma a daina kulle ƙofa ta waje da dare. Mun ajiye musu bokitan yashi.

Fetur kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ajiye jarka a gida ya ƙaru. Mun je wajen masu bumburutu mun yi magana ta fahimta, wasu sun matsar da teburinsu daga kusa da mai tsire da mai shayi, wasu sun ce mu samo musu wani wajen tukuna. Matasa kuma mun ja musu kunne kan tanka in ta faɗi, Majiya a Jigawa Oktoban 2024 sama da mutum 150 suka rasu wajen kwasar mai, ba a yi wata huɗu ba aka sake a mahaɗar Dikko a jihar Neja.

Abin da ba mu yi ba shi ma a faɗa. Tankin ruwa da muka yi alkawari tun bara har yau ƙafarsa kawai aka gina, kuɗin wata-wata ba ya shigowa, wasu tun watan da aka yi gobarar Afrilu da jikinsu ya yi sanyi suka biya ba a sake ganin ƙeyarsu ba. Ma'aji zai kawo lissafi a rubuce da rasitai kowa ya duba. Maganar tagogin bogila ma ba mu ci nasara ba, mun ce ko ɗaya a gida a yi mai buɗewa da makulli a rataye kusa, mutane sun ce ɓarayi, kuma ba za ka ce ba su da hujja ba, amma gidan da ƙofa ɗaya ce in wuta ta tare ta fa? Wani mai walda cikinmu ya ce zai yi wa membobi a kuɗin kaya kawai.

To yanzu ga bazara ta ƙarato, zafin Kano a Afrilu yana haura digiri 40, komai ya bushe kuma rijiyoyi sun ja baya. Lokacin ne fanka da firiji da masu hali esi duk suke aiki tare a kan siririyar waya da soket ɗaya, in ka taɓa soket ka ji zafi ko ka ji ƙauri ko ka ga ya yi baƙi a kira mai gyara, kar a ɗaure fis da waya mai kauri. Masu sola a duba wayar da ta tashi daga batir, a nan muka fi ganin aikin araha, kuma kar a tura batir ƙarƙashin gado ko a jibga masa kaya. Waya da fawa bank ba a cajinsu a kan katifa. Tukunyar gas a inuwa inda iska ke shiga, a tsaye, kuma kar a matsa wa mai cikawa ya cika ta fal. Janareta a waje nesa da taga saboda hayaƙinsa yana kisa cikin barci ba a jin komai, kuma a kashe shi ya huce kafin a zuba mai. Masu kwana a tsakar gida saboda zafi a leƙa ɗaki a zare ayan da hita kafin a kwanta, maganin sauro na kunnawa a ɗora a kan faranti nesa da labule da gidan sauro. Shara kuma mun roƙi Mai unguwa ya sa a yi shela a daina ƙona ta da rana ko lokacin iska, masu harawa su sauke ta daga kan rufi. In hadarin farko ya tsinko wayar lantarki kar yaro ya matsa kusa, a kira mu mu tsare wajen.

Sintirin dare bana ba za mu tsayar da shi ba sai ruwa ya sauka sosai, jadawalin yana wajen mataimakin ciyaman. Mitin na gaba Asabar ta farko bayan ƙaramar sallah, bayan la'asar a ƙofar gidan Mai unguwa, za a yi zaɓen sababbin shugabanni kuma za a auna faɗin lungunan nan uku da mota ba ta shiga, masu dakali a wajen muna roƙo su zo da kansu kar su aiko yaro. Wanda bokitin ƙungiya yake gidansa ya taho da shi, har da wanda aka mayar na wanki.

Wassalam,
Sakatare