Waƙar yaran nazare da zancen annobar Landan

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili kan maganar da ake yawan yaɗawa a Facebook da WhatsApp, wai "Ring a Ring o' Roses", wadda yaranmu ke rerawa a makarantun nazare suna zagaye riƙe da hannun juna, waƙar annobar Landan ce ta 1665. Waƙar tana ambaton zoben fure, aljihu cike da furanni, atishawa da zubewa ƙasa. Masu faɗa sun ce zoben furen ƙurajen cutar ne, furannin aljihu na kore warin gawa ne, atishawa alamar kamuwa, zubewa ƙasa kuma mutuwa. Fassarar tana da daɗin ji, amma ba ta da madogara.

Mai bin asalin waƙar gargajiya yana fara tambayar yaushe aka fara rubuta ta. Wannan sai a ƙarni na 19 aka fara ganinta a rubuce; a Ingila a 1881 ta fito cikin littafin yara na Kate Greenaway, shekara 216 bayan annobar. Samuel Pepys, wanda ya rubuta abin da ya gani a Landan kullum a wannan shekarar, bai ambace ta ba. Ita kanta fassarar annobar ba a fara jin ta ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ina masu sharhi suka shige duk tsawon wannan lokaci?

Sai a jera nau'o'in waƙar, a nan ne kuma akasarin masu fassara ke tuntuɓe, don guda ɗaya suke ɗauka, wadda suka haddace, su ɗora mata tarihi. William Wells Newell a Amurka a 1883 da Alice Gomme a Ingila a 1898 sun tattara nau'o'i da dama. Da yawansu babu atishawa sam. A wasu ba faɗuwa ake yi ba, durƙuso ne ko russunawa, kuma wadda ta yi ƙarshen durƙusawa sai ta faɗi sunan wanda take so. Jamusawa ma suna da irinta, yara su zagaya su tsuguna, ba maganar ciwo.

Likitanci ma bai goyi bayan zancen ba. Babbar alamar waccan annoba kaluluwa ce mai kumbura a matsematsi, hammata ko wuya, da zazzaɓi mai zafi. Tokar da ke cikin nau'in Amurka, wadda aka ce ta ƙona gawa ce, ita ma ba ta shiga: binne mamatan 1665 aka yi, da yawansu a manyan ramuka.

Masanin al'adu Philip Hiscock ya kawo bayanin da ya fi kama hankali a ganina. A ƙarni na 19 wasu ɗarikun Kirista na Furotesta sun hana rawa, sai matasa suka koma wasan zagaye da waƙar baka, ba kiɗa, daga baya ƙananan yara suka gaje shi.

Na gode.

Wani malamin adabi, Zariya