Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta masu ƙera injuna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, iyayen gida masu shaguna da yaransu, 'yan'uwa mambobi.

Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini kawo muku bayanin abin da aka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi da kansa. Kafin komai muna yi wa iyalan mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya ta'aziyya. Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan.

Ayyukan da aka saba sun gudana. An yi taron wata-wata, an sasanta saɓani tsakanin masu gida da yaran shago, asusun taimako ya kai ga waɗanda suka ji rauni a bakin aiki, sayen ƙarfe a dunƙule kuma ya rage wa wasu tsada. Biyan kuɗin wata ne har yanzu yake tafiyar hawainiya, waɗanda abin ya shafa sun san kansu.

Babban aikin bana ya samo asali ne daga koken da kuka kawo a taron bara: mutum ya ɓata watanni yana gyara injin ɓare gyaɗa ko na casar masara har ya daina fasa ƙwaya, kafin ya mai da kuɗinsa maƙwabci ya auna da ido ya buga irinsa. Kuka ce a nemo yadda ake rajista. Kwamiti ya bi sawun maganar, ya gayyato lauya da wani malamin jami'a suka zauna da mu, abin da ya fito kuma ya fi abin da muka tafi nema faɗi.

Da farko an raba mana abubuwan da muke cakuɗawa. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba ta kare injin kowa. Tambarin da kake mannawa a jikin injin rajistarsa daban, siffarsa ta waje ita ma daban. Abin da ke kare dabarar da ke cikin injin shi ne takardar mallakar ƙirƙira, wadda dokar 1970 ta tanada, ana kuma neman ta a ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Tana aiki shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, muddin ana biyan kuɗin shekara-shekara. Sharuɗɗanta uku: abin ya zama sabo, ya zama akwai dabarar da ba kowane gwanin sana'ar zai hango ta kai tsaye ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi a yi aiki da shi. Wanda ya riga shigar da takarda shi doka take fara dubawa, ba wanda ya riga kunna walda ba.

Kalmar "sabo" ce ta tayar da ƙura a zaman. Ba sabo a layinmu ake nufi ba, ba kuma sabo a Najeriya ba. Sabo a duniya, ta yadda ba a taɓa rubuta shi, ko nuna shi, ko sayar da shi a ko'ina ba kafin ranar shigar da buƙata. Har kai mai abin kana iya kashe sabuntarsa da hannunka. Wanda ya ɗauki bidiyon cikin injinsa ya ɗora a Facebook ko TikTok don neman kwastoma ya riga ya bayyana shi ga duniya.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci a ganina. A dokarmu, magatakardar ofishin yana duba cikar takardu ne, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske. Dokar da kanta ta ce ana ba da takardar ba tare da lamunin ingancinta ba, kasadar tana kan mai ita. Ma'ana, kana iya rataye satifiket a shago, ran da ka kai wani Babbar Kotun Tarayya lauyansa ya zaro zanen wani injin Indiya ko na Sin na shekaru talatin baya, kotu ta soke takardarka. Shi ya sa kwamiti ya juya akalar aikin daga neman rajista zuwa koyon bincike.

Binciken kyauta ne, waya da data kawai yake ci. Mun koyar da rumbunan takardun mallakar ƙirƙira uku da ke intanet: Espacenet na ofishin rajistar ƙirƙira na Turai, mai ɗauke da takardu sama da miliyan 100, da PATENTSCOPE na hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, WIPO, da ke Geneva, da Google Patents, wanda yaran shago suka fi sabawa da shi domin yana fassara takardun Sinanci zuwa Turanci. Wannan fassarar ba ƙaramin abu ba ce, tun da kusan rabin buƙatun da ake shigarwa a duniya yanzu daga Sin suke, kuma ƙananan injunan noma irin namu sun cika takardunsu.

Neman abu da kalmomi yana yaudara, saboda kowane lauya da sunan da yake laƙaba wa abu ɗaya. Abin da ya buɗe mana ƙofa shi ne lambobin rabe-rabe na duniya, tsarin da aka amince da shi a Strasbourg a 1971, wanda ya kasa dukkan fasaha gida takwas daga A zuwa H. Kowace sana'a a cikinmu tana da lambarta. Casa da sussuka suna A01F. Ɓare gyaɗa da dangoginta yana A23N. Niƙa da ɓarza suna B02C, matse mai yana B30B da C11B, busarwa F26B, murhu F24C. Hanyar da muka fi samun nasara da ita mai sauƙi ce: ka nemi takarda ɗaya da ta yi kusa da abinka, ka ɗauki lambarta, ka buɗe duk abin da ke ƙarƙashin lambar, sannan ka bi takardun da ta ambata da waɗanda suka ambace ta.

Shafin farko na kowace takarda ma yana karantuwa ko ba ka jin harshen, domin lambobin da ke gefensa iri ɗaya ne a duk ƙasashe: 54 suna, 57 taƙaitawa, 71 mai nema, 72 mai ƙirƙira, 22 ranar shigarwa, 51 lambar rabe-rabe. Maƙeri kuwa zane yake fara dubawa, kuma a nan dattawanmu da ba su yi boko ba suka bar masu digiri a baya. Sai dai abin da doka ta kare ba zanen ba ne, sashen da'awa ne da ke ƙarshe, jimlolin nan masu lamba. Su ne iyakar gonar. Abin da ke wajensu ba na mai takardar ba ne, ko da ya cika shafi ashirin yana bayaninsa.

Sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba. Yawancin injunan da mambobi suka kawo mun tarar da 'yan'uwansu a rubuce tun da daɗewa. Wasu sun tafi rai a ɓace, akwai ma wanda ya ce kwamiti ya haɗa baki da masu kwaikwayonsa. Amma wanda aka gaya wa gaskiya tun kafin ya biya lauya an yi masa gata. Kuma a nan ribar shekarar take: takardar mallaka ba ta aiki sai a ƙasar da aka yi rajistarta. Abin da ya haura shekara 20 ya zama na kowa a ko'ina. Wanda aka yi wa rajista a Amurka ko Jamus kaɗai ba ya ɗaure hannun maƙeri a nan. Daga ranar da ya fara shigar da buƙata a wata ƙasa, baƙo yana da wata 12 ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ta 1883, ko wata 30 idan ya bi ta yarjejeniyar haɗin gwiwa kan rajistar ƙirƙira, wato PCT, da Najeriya ta shiga a 2005, ya kawo buƙatarsa ƙasarmu. In wa'adin ya wuce, ƙofa ta rufe masa. Saboda haka tarin zanen nan makaranta ce a buɗe. Masu injin gyaɗa sun samo tsarin rariya da tazarar da ke rage fashewar ƙwaya, masu busar da tumatir sun ga yadda wasu suka shawo kan zagayawar iska.

Hattara biyu dai. Buƙata ba ta fitowa fili sai bayan wata 18, don haka rashin ganin abu a rumbu ba hujja ce cewa babu shi ba, rajistar Najeriya kuma sai an bincika ta a ofishin Abuja. Na biyu ya shafi masu kai injuna Maraɗi, Damagaram ko Garwa. Nijar, Kamaru, Chadi da Benin suna cikin ƙungiyar rajistar haɗin gwiwa ta OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda takarda ɗaya take aiki a ƙasashe 17. Ghana da Sudan suna cikin takwararta ARIPO ta Harare. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya, don haka takardarmu tana tsayawa a kan iyaka, kuma abin da ya halatta ka ƙera a nan yana iya zama mallakar wani a can.

Kada wani ya fahimci cewa muna hana neman rajista. Maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa daga masoro, kanumfari, karan dafi da wani itace, ya sami takardar mallaka a Amurka a 1998. Abin gida yana kaiwa, in dai akwai sabuwar dabara a ciki kuma an rubuta ta da kyau. A cikin kayan da muka duba akwai 'yan ƙalilan da ba mu ga kamarsu ba. Kwamiti ya ba masu su shawara su rufe baki, su tuntuɓi hukumar bunƙasa fasaha ta tarayya, NOTAP, wadda take taimaka wa masu ƙirƙira na gida wajen shigar da buƙata.

A shekara mai kamawa kwamiti yana neman amincewarku a kan abu biyu: a ware wa ofishin ƙungiya kwamfuta da kuɗin data, kuma kowane layi ya ba da yaro ɗaya da za a horar a kan bincike. Duk wanda zai duba aikin wani sai ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Mai son a bincika masa ya kawo zane da awo a rufe cikin ambulan ranar taron wata, ya miƙa wa sakatare hannu da hannu, kada ya turo ta zauren WhatsApp na ƙungiya.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa