Injiniya, dutse ya bar ni na wuce, teku ya so ɗauke min takwaranka

Assalamu alaikum Nasiru.

Kafin ka fara zagina a zuci, na sani, na ga saƙonka tun ranar da ka turo, har saƙon muryar nan naka mai minti bakwai na saurara, wanda minti biyar a ciki tsiya ce kawai kake min kan wai na zama Bature. Wallahi ba share ka na yi ba. Abubuwa ne suka haɗe min cikin mako guda, sai yau na samu hannuna ya daina rawa har zan iya zama in rubuta maka da tsawo, don abin ba na waya ba ne, in na kira ka katse ni za ka dinga yi da dariyar nan taka.

Ka ce kana son ka shigo Kalifoniya lokacin sanyi ka ga dusar ƙanƙara da idonka, ka ɗau hoto a kan dutse, washegari kuma ka ɗau wani a bakin teku, ka ce in faɗa maka watan da ya fi. To tsaya ka ji tukuna.

Ka san dai aikina, daga Sakaramento in ja tirela in tsallaka duwatsun Siyara Nebada in sauka Rino, in juyo. Hanya ɗaya ce babba, lamba 80, kuma tana hawa har wajen mita 2,200 a ƙololuwar da ake kira Donner. A ƙasa sai ka bar ruwan sama yana sauka abinsa, amma duk mita dubu da ka hau sanyi na ƙaruwa da wajen digiri shida, to ruwan nan da ka baro shi ne zai tarbe ka a sama ya zama ƙanƙara. Akwai wani damshi da iska ke kwasowa tun daga wajen Hawayi, doguwar tsiri a sararin sama, masu hasashen yanayi na ce masa kogin sama, in ya zo ya daki dutsen ba shi da hanya sai ya hau, yana hawa yana hucewa yana zubar da duk abin da ya ɗauko. Ranar Talatar nan shi ya same mu.

Na tashi da asuba an ce sai yamma abin zai yi tsanani, na ce ai kafin nan na sauka. Lissafin dokin rano. Ƙarfe goma sha ɗaya ina wurin ɗaura sarƙa, don in ƙanƙara ta kwanta dole kowace babbar mota ta ɗaura wa tayoyinta sarƙa, ma'aikatan hanya na tsaye suna dubawa, ba ka da ita ka juya. Nasiru, ka ga ni ɗin nan da kuke cewa ba na durƙusa wa kowa, na durƙusa wa taya. Gwiwa cikin ƙanƙara, safar hannu ta jiƙe tun a tayar farko, ina lalubar ƙugiyar sarƙar ta bayan taya ina ganin yatsuna sun riƙe ta amma ba na jin sun riƙe komai, kamar hannun wani aka ara min. Numfashina ya daskare a gemu, in na motsa baki sai in ji yana ƙas ƙas. Abin da nake yi a minti ashirin ya ci min awa guda, ina gamawa aka ce an rufe hanya gaba da baya.

Iskar ce ta fi ba ni tsoro, ba ƙanƙarar ba. Ita ƙanƙara in tana sauka a hankali har kyau gare ta, amma in iska ta shiga sai ta kwashe wadda ke ƙasa ta haɗa da wadda ke sauka ta watso maka a kwance, sai ka shiga wani irin farin duhu, ba sama ba ƙasa, kan motarka ma ba ka gani. Motar na tsaye cik da birki amma sai jijjiga take kamar ana tura ta. Allah ya taimake ni da kaya a bayana. Direban da ya fi shiga uku ranar iska shi ne mai kwantena fanko, faɗi ga shi nan kamar bango, nauyi babu, iska ɗaya ta gefe sai ta kwantar da shi. Akwai wani kwari tsakanin Rino da Carson City, Washoe, can in iska ta taso hana dogayen motoci wucewa ake yi kwatakwata saboda yawan waɗanda ta kifar. Kuma abin da mutane ba su gane ba, in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura ka da shi ninki huɗu yake yi. A watan Maris na 2024 an auna iska mai gudun mil 190 a awa a kan wani tsauni kusa da tafkin Taho, sama da kilomita 300 ke nan, kai da kake fariya da ka taɓa taka 160 a motar Alhaji Dogo har ya kwana uku bai yi maka magana ba.

Af, ka ji wai Sadiƙu ya sake barin aiki? Na uku ke nan a shekara biyu. Ya kira ni yana min bayanin wai shugabansa ba ya fahimtar hangen nesansa, na ce to Allah ya kawo mai fahimta. Kar ka ce ni na faɗa maka, ka bari ya faɗa da bakinsa ka yi kamar yau ka fara ji, ka iya wannan ai.

To daren nan a mota na kwana. Ni da sauƙi, akwai gado da hita da bargo. Wajen ƙarfe tara na sauka in kakkaɓe fitilu sai na hango wata ƙaramar mota a bayana ƙanƙara ta binne ta har rabin ƙofa, inji na aiki, gilashi duk a rufe. Na ƙwanƙwasa, wani saurayi ne da matarsa da jariri, ba sarƙa ba shebur, rigar jikinsa irin wadda za ka sa ka je ofis. Na zagaya baya na ga bakin salansar ya toshe ɗam. Hantar cikina ta kaɗa, domin in salansa ta toshe hayaƙin ciki yake komawa, kuma gubar da ke cikinsa ba wari ba launi, barci kawai za ka ji yana ɗaukarka shi ke nan. Mutane sun sha mutuwa a haka lokacin guguwar ƙanƙara. Na haƙe masa wurin da shebur ɗina, na ce ya kunna minti goma ya kashe, ya ɗan sassauta gilashi, duk awa ya fito ya duba. Matar har ta fara cewa kanta na ciwo. Ban runtsa sosai ba daren nan, ina ta leƙa madubi.

Wurin nan fa ba yau ya fara cin mutane ba. Sunan Donner ɗin ma na wasu matafiya ne da ƙanƙara ta tsare a gindin dutsen a 1846, su 87 suka kamo hanya, 48 suka rayu, abin da wasunsu suka yi don su rayu ba zan rubuta maka ba, kai da ba ka da juriya. A Janairun 1952 jirgin ƙasa guda mai mutum sama da 200 ya maƙale kwana uku a cikin ƙanƙara a duwatsun nan. Sanyin 2022 zuwa 2023 kuwa ina nan, tashar binciken da ke kusa da ƙololuwar ta auna inci 754, kusan mita 19 a kaka ɗaya, gidaje sai ta tagar bene ake fita. Ga zaftarewa, in sabuwar ƙanƙara mai nauyi ta kwanta kan tsohuwa a gangare sai ta sulmiyo gaba ɗaya kamar an ja tabarma, wanda ta binne in an wuce minti goma sha biyar ba a tono shi ba to sai addu'a.

Duk wannan ba shi ne ya hana ni rubuto maka ba. Na sauka lafiya, na dawo gida Juma'a ina jin kaina wani gwarzo, har ina ba uwargida labari da ƙarin gishiri. Lahadi gari ya waye tas, rana ta fito, ko ɗigon gajimare babu, iska ta kwanta. Ta ce yara sun gaji da zaman ɗaka, mu kai su bakin teku. Muka nufi wani bakin ruwa arewa da San Faransisko. Akwai allo a mashiga da hoton mutum igiya na kwasarsa, na karanta, wallahi na karanta, na ce a raina ai wannan na ranar hadari ne.

Takwaranka yana wasa a busasshen yashi, busasshe fa, nesa da inda ruwa ke tsayawa da taku fiye da talatin, kusa da wani ƙaton gungumen itace da teku ya taɓa jefowa. Ni na juya wa ruwan baya ina ɗaukar uwargida da Ummi hoto, ina cewa su matsa hagu rana na kashe hoton. Sai na ga fuskarta ta canza, ba ta ma yi ihu ba, baki kawai ta buɗe. Kafin in juya ruwa ya doke ni a ƙugu. Ba irin igiyar da kake gani a bidiyo ba mai tashi sama ta naɗe, wannan shimfiɗowa ta yi da gudu kamar an ɓalle madatsa, ta haye yashin nan gaba ɗaya. Na hango jar rigarsa tana juyawa, gungumen nan da mutum biyar ba za su ɗaga ba yana yawo a gefensa kamar karan dawa. Ban san yadda na isa ba. Na dai san na cafki hular rigar, na dasa gwiwa a yashi, ruwan ya fara komawa yana jan mu, yashin da ke ƙarƙashina yana zarewa, aljihuna da takalmina sun cika da yashi na yi nauyi kamar an ɗaura min dutse. Sanyin kuwa, ruwan nan bai fi digiri goma sha biyu ba, yana taɓa ƙirjinka numfashi ke ƙwacewa, ka yi ta haƙi ba da sonka ba, shi ya sa ko gwanin iyo ba ya daɗewa a ciki. Daƙiƙa nawa ne, ban sani ba. Ruwan ya sake mu, gungumen ya sauka taku biyu daga ƙafarsa.

Lafiyarsa ƙalau, kar ka tashi hankalinka, ya sha ruwan gishiri ya yi amai, ya ƙuje a gwiwa, mun kai shi an duba ƙirjinsa an ce ba komai. Ni ne dai har yau in na rufe ido jar rigar nake gani.

Wani dattijo mai kamun kifi da ya taimaka mana da bargo shi ya zaunar da ni ya min karatu, ban ji haushi ba don na cancanta. Ya ce guguwar da ta kwana da ni a dutse da ire-irenta da ke can tsakiyar Fasifik wajen Alaska su ke tura igiyoyin nan, suna tafiyar dubban kilomita, sai su iso bayan hadarin ya wuce, ranar da gari ya fi kyau. Ya ce in ƙirga tsakanin igiya da igiya, in na ga daƙiƙa goma sha bakwai ko ashirin to kowace na ɗauke da ruwa mai yawan gaske, kuma teku kan yi lamo na minti goma har ashirin kafin manyan su zo a jere, shi ya sa suke ce mata igiya mai sanɗa. Wai kafin ka sauka yashi ka tsaya daga sama ka kalli ruwan minti ashirin, kar ka hau gungume, kar ka hau duwatsun da suka shiga ruwa, kar ka ba shi baya ko na hoto ɗaya. Har ya ce da yawa karensu ruwa ke ja su bi shi, karen ya fito su ba su fito ba. Kuma ba sabon abu ba ne, a ƙarshen Disamban 2023 igiya ta haye katanga a Bentura ta bi mutane har kan titi, takwas aka kai asibiti, Disamban 2024 kuma ta karya ƙarshen gadar katakon Santa Kuruz da ma'aikata uku a kai, Allah ya yi da sauran kwanansu. Duk na ga bidiyon a lokacin, har na tura maka ɗaya ina jin, kai kuma ka turo min hoton dariya.

Uwargida ba ta ce min komai ba, kuma ka san shirunta ya fi faɗanta ciwo. Jiya dai ta ce in gaishe ka, ta ce ka gaya wa Maman Hanifa tana nan tana jiran hotunan da ta yi alkawari tun bara. Mansur kuma wai ya kusa gama karatun, kamar yadda ya kusa shekara huɗu da suka wuce.

Wayar da nake ɗaukar hoton ta tafi, shi ya sa za ka ga sabuwar lamba, ka adana ta, kar ka yi ta kiran tsohuwar kana cewa na toshe ka. Takalmin takwaranka ma ƙafa ɗaya ya tafi, na hagu, kuma ya ƙi yarda a yar da na daman, ya ajiye shi a bakin taga wai teku zai dawo masa da ɗan'uwansa. Da na ce ba zai dawo ba sai ya ce to a faɗa wa Baba Nasiru ya taho masa da wani, ja, mai fitila a dunduniya. Lamba 30 yake sawa yanzu, in ka tashi ka ƙara ɗaya don ƙafar ba ta tsayawa.

Bari in kwanta, ƙarfe huɗu zan ɗau kaya, kuma an ce wani hadarin na tafe ranar Alhamis, ban ma busar da sarƙoƙin ba.

Naka,
Bashir